Allon da ya ɗauki sunan mai dubu ɗari ya kasa ɗaukar Bishara?

To, kwamitin coci ya zauna, ya sha ruwan sanyi, ya yanke hukunci: ba za a riƙa sa karatun Lahadi a allo saboda kurame ba. Wai coci ba gidan kallon ƙwallo ba ne, wai kuma babu kuɗi. Madalla, sannunku da aiki. Wannan allon dai da tun daga waƙar shiga har sallama yake nuna farar kurciya tana fiffika a kan "Barka da zuwa". Wannan allon dai da ranar godiyar kaka ya jera sunan duk wanda ya ba da dubu ɗari da baƙaƙe ɓaro-ɓaro. Ranar ba wanda ya tuna da gidan ƙwallo. Ashe allo ba ya ɗauke hankalin masu sujada sai in Maganar Allah za a rubuta a kai.

Ku ajiye zancen kuɗi a gefe, don ba shi ne ciwon ba. Misa, wato babbar sujadarmu ta Katolika, rubutacciya ce. Wannan nake so ya zauna a kan kowa. "Ubangiji ka yi mana jinƙai", "Ɗaukaka ga Allah", "Na ba da gaskiya", "Mai Tsarki", "Ubanmu wanda ke cikin sama", "Ɗan Rago na Allah", duk ba sa canjawa, sau ɗaya za a buga su a kwamfuta a huta. Karatu na farko, Zabura, karatu na biyu da Bishara kuwa suna zagayawa ne shekara uku, ta Matiyu, ta Markus, ta Luka. Abin da za a karanta Lahadin ƙarshe ta baɗi sananne ne tun yau. Addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi manya huɗu ne a littafi, tambayar Fada wacce zai ɗauka ba ta kai minti ɗaya. Waƙoƙi, mawaƙa sun yi gwajinsu tun tsakiyar mako. Roƙe-roƙen jama'a da sanarwa suna cikin takardar Baba Katikis. Me ya rage? Wa'azi kaɗai. Abu ɗaya tak a cikin sujadar awa biyu, shi ne aka fake da shi aka hana mutane sauran duka.

Kuma shi ma wa'azin ba daga sama yake faɗowa ba. Fada da ya shirya yana da takarda, ko aƙalla kanun maganarsa. Ya miƙa wa mai kula da allo da yammacin Asabar, a yayyanka shi gajeru-gajeru. In ya bar takarda ya shiga labari, mai bugawa ya taƙaita, kada ya ce zai bi shi kalma da kalma. Mai magana yana zuba kalma 120 zuwa 150 a minti, mai buga kwamfuta na yau da kullum da ƙyar yake wuce 40. Wanda ya nace sai ya kama komai, zai ƙare yana rubuta gabatarwa Fada yana "Amin". Jimla ɗaya mai ɗauke da ma'ana duk daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar ta wadatar.

Na san abin da za a ce: ai su zauna a gaba su karanta leɓen Fada. Mai wannan magana ya tsaya gaban madubi ya ce "bari", ya ce "ɓari", ya ce "mari", ba tare da fitar da murya ba. Motsi ɗaya ne. K da ƙ da g can cikin baki ake yin su, ido ba ya kaiwa. Hausa kuma harshe ne na karin sauti da jan wasali, ba ɗayansu da ke bayyana a leɓe. Ƙara da makirufo da ya rufe rabin baki, da Fada da ya sunkuyar da kai yana karatu, da hasken taga a bayansa da ya mai da fuskarsa inuwa. Sai a ce to su sayi na'urar kunne. Na'urar ba ta zaɓe, tana ƙara ƙarar fanka, da janareta, da amsa-kuwwar bangon siminti, da ruwan sama a kan kwano, tare da muryar Fada.

Yanzu ga yadda ake yi, don kada a ce surutu kawai muka iya. Cocinmu masu manyan tagogi ne, da ƙarfe takwas na safe rana ta riga ta wanke hoton majigi, sai dai mai tsada sosai. Talabijin mai inci 55 ta fi, a kafa ta kusa da bencinan da aka ware wa kurame. Wutar da take ci wajen wat 100 ne, ƙaramar inbata tana riƙe ta, kuma in an ɗauke wuta ba ta yin irin jan jikin majigi mai ƙwai da sai ya huce kafin ya sake kamawa. Inda za a kafa ta shi ne inda aka fi yin kuskure. In tana bangon gefe, mutum sai ya zaɓa: ko ya karanta, ko ya ga an ɗaga Jikin Kristi. A sa ta a layin ido ɗaya da mumbari da bagade, yadda ƙwayar ido kaɗai za ta motsa, ba wuya ba.

Girman baƙi: a raba nisan mai zama na ƙarshe gida 200. In nisansa mita 10 ne, tsayin harafi kada ya gaza santimita 5. Layi biyu ko uku a shafi, kowane layi kada ya wuce harafi 40. Fari ko rawaya a kan baƙi. Ba furanni, ba kurciya, ba rubutun da ke shigowa yana juyi kamar katin biki. A kuma duba cewa salon rubutun yana da ɓ, ɗ, ƙ, don wasu suna mai da su akwatuna, wasu masu bugawa kuma suna zubar da ƙugiyar gaba ɗaya. Mai ji zai gyara da kunnensa, amma wanda allo ne kunnensa, "ƙasa" da "kasa" abu biyu ne. Salon Noto Sans da na Andika kyauta ne kuma suna da su duka. Manhajar nunawa ma akwai OpenLP kyauta, PowerPoint ɗin da ake jera sunayen masu gudummawa da shi ma ya isa. Wayar HDMI, mai haɗa kwamfuta da talabijin, in ta haura mita 10 zuwa 15 takan fara ɗauke hoto, don haka mai kwamfuta ya zauna kusa, inda yake ganin Fada da idonsa.

Sai babban sirrin, wanda ba a saya da kuɗi: lokacin juya shafi. Amsar jama'a dole ta hau allo tun Fada yana kalmominsa na ƙarshe. In aka jira sai an fara amsawa, kurma zai riƙa isowa bayan kowa ya wuce, ya zama ɗan kallo ke nan. A riƙa nuna mai magana, "Fada:" ko "Jama'a:", a rubuta "a tsaya", "a durƙusa", a rubuta "ƙararrawa" lokacin keɓewa. A bar baƙin shafi wayam lokacin shiru. Mutum biyu ko uku su koyi aikin suna karɓa-karɓa, in ba haka ba ranar da yaron kwamfuta ya tafi bautar ƙasa shi ke nan an koma kurciya.

Masu cewa a kunna manhajar waya mai mai da magana rubutu a huta, ku yi a hankali. Tana bukatar intanet mai ƙarfi, tana bukatar sauti ta waya kai tsaye daga na'urar haɗa sauti, ba wayar da aka ajiye a benci tana kwasar tari da kukan jarirai ba. Kuma Fada namu yakan fara jimla da Turanci ya ƙarasa da Hausa, ya yi waƙa a tsakiya. Nan na'ura take rikicewa ta watsa shirme a gaban bagade. Me ya kai mu sa inji ya yi hasashen abin da ke rubuce a littafi? An riga an rubuta, jama'a. An riga an rubuta.

Akwai abin da ya kamata a tambaya kafin a sayi ko ƙusa: wane harshe suke karantawa? Kurame ba iri ɗaya ba ne. Akwai dattijuwar Zumuntar Mata da shekaru suka ci kunnenta, akwai mai injin niƙa, akwai wanda sanƙarau ko ƙyanda ta kurmantar bayan ya iya magana. Waɗannan rubutun Hausa suke so, yawancinsu ba su san maganar hannu ba. Akwai kuma wanda aka haifa kurma ya yi makarantar kurame. Makarantun nan da Turanci suke koyarwa, da alamun da suka samo tushe daga na Amurka tun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan mishan, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Irin wannan zai fi gane Turanci a allo, kuma abin da ya fi bukata tafinta ne. Wanda bai shiga aji ba kuwa, maganar hannun gargajiya ta ƙasar Hausa ce harshensa, rubutu ba zai yi masa komai ba. Don haka allo ba ya korar tafinta. Amma rashin tafinta ba hujjar barin allo yana nuna kurciya ba ce.

Wani ya jawo mini Romawa 10:17, wai bangaskiya daga ji take. Sannu malam. Ka ƙarasa zuwa Markus 7. Da aka kawo wa Yesu kurma, bai ɗaga murya ba. Ya ja shi gefe daga taro, ya sa yatsu a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama, duk abin da mutumin zai gani ya gane, sannan ya ce "Iffata", wato "Buɗe". Duk shekarar Markus ana karanta wannan a Lahadi ta 23, ana karanta shi da baki, ga wanda labarin ya fi shafa zaune yana kallon bango. Wannan yana ƙona mini rai, ba wasa nake ba. Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1963 ta ce a kai dukan masu bi ga shiga sujada sosai, da sani, da hannu a ciki. Ita ce ta buɗe ƙofar da ta sa muke Misa da Hausa ba da Latin zalla ba. Mu da aka tausaya mana aka juyo da sujada harshenmu, mu ne yau muke cewa na wani ɗauke hankali ne. A Nuwambar 2009 an yi taro guda a Batikan kan kurame a rayuwar Ikilisiya. Fada Cyril Axelrod na Afirka ta Kudu kurma ne, an naɗa shi firist tun 1970. Mu kuwa muna nan muna muhawara a kan talabijin ɗaya.

Ikirari dai, wato furta zunubi ga Fada, ba a sa shi a allo, kada wani mai zafin nama ya wuce gona da iri. Takarda da biro, a yaga bayan an gama, a wuri mai haske inda za su ga fuskar juna, don ragar nan ta akwatin ikirari tana rufe baki. Dokar Ikilisiya ta 990 ta yarda da tafinta in mai tuba ya so, ta 983 kuma ta ɗaure tafintan da riƙe asiri. Daren Ista ma a tuna: ana farawa cikin duhu, karatu na Tsohon Alkawari har bakwai, ba leɓe ba hannu da ake gani. A rage hasken talabijin, kada a kashe ta.

Af, tun da muna kan kunne, wa ya ce a riƙa shimfiɗa wa yara tabarma a gindin lasifikar mawaƙa? Sautin da ya kai desibel 100 a ma'aunin ƙarar sauti, minti 15 ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka ɗiba a yini, mu kuwa lokacin baiko, wato miƙa sadaka, kaɗai yakan ci rabin awa, mai ganga da mai jita suna gasar wa zai danne wani. In kana tsaye kusa da mutum sai ka yi ihu kafin ya ji ka, sautin ya yi yawa. Mai kula da na'ura ya sauke shi, a matsar da tabarmar nan can kusa da iyaye mata, a kuma ɗaga lasifikar sama da kan mutane maimakon a jibge ta a ƙasa tana kallon kunnen ɗan shekara huɗu.