Wai aikin yaran ga ne shirme?

Tun jiya abin ke cina. Kun dai ga hotunan baje kolin zane da aikin hannu da ɗaliban wata makaranta sunka yi, kun kuma ga abin da wani babban mutum mai furfura ya rubuta ƙarƙashi, wai "ɓata lokaci da kwaikwayon Turawa, su je su karanta likitanci". Sannu da ƙoƙari Alhaji. Allah Ya ƙara basira.

Ni dai na tafi da ƙafata na gani. Akwai wata yarinya, daga gabashin jiharmu iyayenta sunka gudo saboda 'yan bindiga, ta ɗauko fasasshiyar ƙwaryar kakarta ta ɗinke ta da jan zare, ta liƙa bisa tsohon zane. Shi ke nan aikin. Ba ta rubuta dogon bayani ba, sunan ƙauyensu kawai ta sa, kuma wallahi na daɗe tsaye gun na kasa gusawa, wata tsohuwa kusa da ni tana ta share hawaye da bakin mayafi. Wani yaro ya yi zayyana bisa allo da tawadar da ya dafa da kansa, wani kuma hotunan hannayen babansa baduku ya ɗauka da waya, duk sun yi kanta. To don Allah ina Bature a nan? Ƙwaryar ce ta Ingila ko allon?

Abin ga namu ne. Namu ne tun kafin a haifi kakan mai magana. Fatar da Turawa sunka yi ƙarnoni suna rufe littattafansu da ita suna kiranta fatar Maroko, ai da yawanta ta jar akuyar ƙasar ga ce, majemanmu sunka jeme, fatake sunka ƙetara Sahara da ita. Aska takwas da ke gaban babbar rigarka Alhaji, wani ya zauna ya zana ta kafin a sa allura. Ka ciro naira 20 daga aljihu ka juya bayanta, Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Nana Asma'u da ta rasu a 1864, da ta so faɗin abin da ke ranta waƙa ta tsara, da Fillanci da Hausa da Larabci, ba wanda ya ce mata shirme. Amma yau yaro ya ɗauki abin gidansu ya ce ga ni, ga inda na fito, ga abin da ya same mu, sai a ce kwaikwayo yake.

Na san masu cewa zane ba ya ciyar da mutum. To, masu digiri nawa ke zaune gindin dalbejiya ba aiki? Ku bar wagga magana. Masu kawo batun haramcin hoton mai rai kuma, na ji, amma ƙwarya da allo da fata mi sunka yi muku?

Gaskiya abin da ya fi taɓa ni, yaran ga ba su da inda za su faɗi damuwarsu. A gida a ce yi shiru, a aji a ce kwafa daga allo. Rana ɗaya tak anka ba su ɗaki sunka buɗe cikinsu, shi ma mun tsaya muna dariya. Yarinyar nan in ta karanta abin da anka rubuta, kuna jin za ta sake ɗaukar zare?

Af, tun da anka zo maganar fata, wa ya san baduku mai hannu da zai gyara mani jakar mahaifina? Na kai wa wani a kasuwa ya manna mata roba da gam, har yau ban huce ba. Fatar ma yanzu ganda muke yi da ita muna cinyewa.