Ciyawar roba ba ta da sanyin ciyawa mai rai

A garuruwa masu zafi irin su Phoenix a jihar Arizona ta Amurka, da Dubai, masu gida da yawa na shimfiɗa ciyawar roba a gefen kwamin ninkaya, a zatonsu tunda koriya ce shar, za ta yi sanyi a tafin ƙafa. Ba haka abin yake ba.

Ciyawa mai rai tana jan ruwa ta saiwa, ta fitar da shi ta ganye, wannan danshin ne ke sanyaya ta. Ta roba kuwa zaren filastik ce, zafin rana kawai take sha. Da tsakar rana a lokacin bazara, zafin samanta kan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, musamman idan an cika ƙasanta da ɓarɓashin tsohuwar taya baƙa. Abin da ya fi damuna yara ne: yaro ya fito daga ruwa ba takalmi, ya taka, kafin ya ankara tafin ƙafarsa ya ƙone.

Watsa mata ruwa na rage zafin, amma da ta bushe zai dawo. Inuwar rumfa ta fi amfani, a kuma zuba farin yashi maimakon ɓarɓashin taya.