Fonksiyon ɗin da ba ta san abin da ka miƙa mata ba

Jiya da dare wani ƙanena ɗalibi ya zo min da kwamfuta a hannu, wai ya rubuta ɗan program na haɗa cinikin shagon babansu a babbar kasuwar Maradi, kuɗin tiya-tiya na gero da gyaɗa, amma jimilla sai ta riƙa fitowa miliyoyi alhali cinikin ko jikka goma bai kai ba. Ina dubawa na ga C++ yake rubutawa amma fonksiyon ɗin (ɓangaren program da ke haɗa kuɗin) da va_list da va_arg ya yi ta, wato hanyar yaren C ta karɓar ko nawa aka miƙa wa fonksiyon, ya kwafo daga wani tsohon darasi a intanet.

To ga inda gizo ke saƙa. A wannan tsohuwar hanya ta stdarg.h (fayil ɗin C da va_list ke ciki), fonksiyon ba ta san adadin abin da ka ba ta ba kuma ba ta san nau'insu ba, kai ne za ka faɗa mata, ita kuma ta yarda kawai. Shi ya ce mata 4 ne ya miƙa 3, na huɗun sai ta je ta kwaso duk tarkacen da ta tarar a memori ta haɗa masa. Haka printf, mai fitar da rubutu a allo, take tun asali, ka sa %s (alamar rubutu) ka ba ta lamba, program ya faɗi. Gara ma printf, gcc, wato kompila mai fassara abin da ka rubuta zuwa yaren kwamfuta, yana yi maka gargaɗi in ka kunna -Wall, amma wadda ka rubuta da hannunka shiru zai yi ya bar ka da ita.

Abin da ke min ciwo wallahi shi ne an daɗe da magance wannan. Tun C++11 a 2011 aka kawo template (fonksiyon ɗaya mai aiki da nau'i daban-daban) mai ɗigo uku, typename... ɗin nan, kompila da kansa yake ƙirga abubuwan ya tantance nau'in kowanne tun kafin program ya tashi, ka sa suna a gurbin lamba ya ƙi wucewa nan take. C++17 ma ta ƙara sauƙaƙawa, layi ɗaya tal ya haɗa maka su duka, da shi muka gyara nasa kafin shayi ya huce. Java tun 2004 take da nata ɗigo ukun, Python ga *args, TypeScript ma tana da nata.

Eh na sani, in template ya yi kuskure saƙon da yake zubowa sai ya cika allo, yana tsorata sabon shiga. Amma ni dai gara kompila ya yi min faɗa a ɗaki da a ce lissafin kuɗin mutum ya lalace a shago ba wanda ya lura.

Don Allah ƴan uwa masu koyar da yara C++, ku nuna musu va_list don su gane yadda printf ke aiki, amma kar ku bari su gina sabon abu a kai. Kuma in duk abubuwan nau'i ɗaya ne kamar kuɗin nan nasa, vector, wato jerin abubuwa nau'i ɗaya, ma ya ishe shi, na faɗa masa haka kafin ya tafi.