A auna kogi da shekarar fari kafin a yi wa masana'anta alkawarin ruwa

Jama'a, raina yana ɓaci duk lokacin da na ji wata jiha tana shelar kafa tashar wutar lantarki ko babbar masana'anta a bakin kogin da ba nata ita kaɗai ba. Za a faɗi megawat nawa, a faɗi mutum nawa za su samu aiki, a yi ta tafi. Ba mai tambayar daga bakin wa za a janye ruwan ranar da sama ta ƙi zubarwa.

Ku dubi Kogin Kolorado a yammacin Amurka. A 1922 jihohi bakwai suka zauna suka raba shi: Kolorado, Wayomin, Yuta da Niyu Meksiko a sama, Kalifoniya, Arizona da Nebada a ƙasa. Kowane ɓangare aka yanka masa mita kubik biliyan 9 da ɗoriya a shekara. A 1944 aka ƙara wa ƙasar Meksiko kusan biliyan 2. Kuskuren da aka tafka tun ranar farko shi ne, an yi lissafin ne da ma'aunin wasu shekaru masu yawan ruwa ƙwarai. An raba kusan biliyan 20 a takarda, alhali daga 2000 zuwa yau abin da kogin ke kawowa a matsakaici bai wuce biliyan 15 zuwa 16 ba. Mutum kusan miliyan 40 ne ke rataye da wannan lissafi.

Wanda ya ga hoton Tafkin Mead, bayan madatsar Hoover da ke kan wannan kogi, ya ga shaida da idonsa. Akwai wani farin zane a jikin duwatsun da suka kewaye shi, tsayinsa ya fi bene mai hawa goma, yana nuna inda ruwa yake kaiwa a da. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko. Da aka zo rage rabo a 2022, manoman gundumar Pinal a Arizona ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu, suka bar gonaki ba shuka.

Ga dalilin da ya sa nake ware masana'antar makamashi daban. Tashar da ke ƙona gawayin kwal ko iskar gas tana buƙatar ruwa don sanyaya injina, kuma mafi yawan abin da ya shiga hasumiyar sanyayawa tururi yake zama, ya tafi ke nan. Ruwan ban-ruwa ko ba komai wani kaso yana tsiyayowa ya koma kogi, na ƙasa ya samu. Sannan tasha irin wannan shekara arba'in ko fiye ake gina ta ta yi, kuma babu bankin da zai ba da rance sai an tabbatar masa da ruwa ko ana fari ko ba a yi. Manomi zai iya haƙura da shukar bana, amma ba gwamnan da zai yarda a kashe wutar birni. To wa kuke gani zai ɗauki asarar?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Nabaho da Hopi, ƙabilun 'yan asalin Amurka da ke zaune a yankin kogin. Ba a gayyace su zaman 1922 ba, duk da cewa tun 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙasar da aka keɓe wa ƙabilun asali tana da haƙƙin ruwa. A ƙasar Nabaho aka gina tashar wutar Nabaho mai megawat 2,250, tana shan ruwa daga Tafkin Powell da ke kan kogin, kuma wani kaso na wutarta shi ke tura ruwan Kolorado ta wata doguwar magudana ta fiye da kilomita 500 zuwa biranen Finiks da Tusan. A tudun Black Mesa kuwa, wanda ke ƙasar ƙabilun biyu, kwal ake niƙawa ya zama gari, a dama shi da ruwan sha mai tsabta da aka zuƙo daga ƙarƙashin ƙasa, a tura kwaɓin cikin bututu kusan kilomita 440 zuwa wata tashar a Nebada. Fiye da shekara talatin ana haka, har ƙarshen 2005. Duk wannan lokaci, kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar Nabaho ba shi da famfo. Mutum zai ɗora tanki a bayan mota ya yi tafiyar kilomitoci ya ɗebo, yana wucewa ta ƙarƙashin manyan wayoyin wuta.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ba ni gaba da lantarki ko masana'antu. Tashar Nabaho ta ba ɗaruruwan 'yan ƙabilar aiki, kuma a lokacin mafi yawan kuɗin shigar Hopi daga kwal yake fitowa. Abin da nake cewa, duk jihar da za ta tsara ruwanta, ta fara auna kogin da mafi munin shekarun fari, ta rubuta ƙarara wa za a rage wa da nawa, ta lissafa ruwan rijiya tare da na kogi don jijiyarsu ɗaya ce. Abin da ya saura bayan sha da noma, shi ne za a yi cinikinsa da kamfani. Kuma na ƙasan kogi da marasa ƙarfi su zauna a wurin kafin a sa hannu. Jihohin Montana da Wayomin da Dakota ta Arewa sun sa sharaɗi mai kyau a yarjejeniyar Kogin Yellowstone ta 1950, cewa ba a fitar da ruwa daga kwarin sai dukansu sun amince. Duk da haka sai da Montana ta kai Wayomin ƙara a 2007, aka fi shekara goma ana shari'a.

An rufe tashar Nabaho a Nuwamban 2019, aka rushe hasumiyoyin hayaƙinta uku bayan shekara guda. Ƙabilar Nabaho ta nemi kotu ta tilasta wa gwamnatin tarayya ta tsara yadda za su samu ruwansu. A 2023 alƙalan Kotun Ƙoli biyar cikin tara suka ce ba wajibin gwamnatin ba ne.