Yaranmu sun iya aiki, faɗin abin da suka yi ne ba su iya ba

Mu a nan an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, ba ya cewa "ni na yi". Ina alfahari da wannan tarbiyya. Amma yadda take tauye 'ya'yanmu da suka fara samun aiki da manyan kamfanonin manhaja yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ku dubi girman wuraren. Ma'aikatan Microsoft sun haura dubu 200, na SAP ta Jamus sun haura dubu 100. Shugabanka yana wata ƙasa, watakila ba ku taɓa gaisawa hannu da hannu ba. Idan lokacin duba ƙwazo ya yi, kai za ka rubuta abin da ka yi, shi kuma ya ɗauki takardar ya shiga zama da sauran manajoji, kowa yana kare nasa mutanen. Abin da ba ka rubuta ba, babu mai tuna maka shi a wannan ɗakin.

Ɗan ƙanena yana aiki da wani babban kamfani daga ƙauyenmu a ƙasar Kazaure. Sola ce a kan rufi, in damina ta yi hadari sai ya tashi janareta. Na ga daren da manhajar biyan albashi ta wani abokin cinikinsu ta tsaya, ya zauna a kanta tun bayan isha'i har aka kira assalatu. Da aka shiga taron safe, sai na ji ya ce "an gyara". Shi ke nan. Na ce masa wa ya gyara? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ai sun sani." Ba su sani ba. Ƙarshen shekara, layi uku ya rubuta a takardarsa, ƙarin girma kuma ya wuce shi.

Ba ina cewa yaranmu su koyi taka na kusa da su ba ne. Ita kanta Microsoft ta ɗanɗana kuɗar wannan. Shekaru ta yi tana jera ma'aikata daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, dole a kowace ƙungiya a samu wanda za a ce ya gaza, har mutane suka koma ɓoye wa juna ilimi. A 2013 ta soke tsarin, Satya Nadella ya hau shugabancin kamfanin a 2014 yana ta jaddada koyo da taimakon abokin aiki. To a nan ai namu suka fi ƙarfi. Sai dai taimakon ma sai ka faɗa ake lissafa maka shi.

Kuma wurin ba na sanayya ba ne. A Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da sallamar mutum 10,000. Cibiyar injiniyoyin da ya buɗe a Legas a 2019, a 2024 ya rufe ta. Ranar da ake zaɓen wanda za a sallama, mutumin da babu wanda ya san takamaiman aikinsa shi ne mafi sauƙin gogewa.

Faɗin gaskiya a kan aikinka ba girman kai ba ne. Ka ajiye littafi, duk Juma'a ka rubuta me ya lalace, me ka yi, wa ya amfana, wa ya kama maka. Ka tambayi shugabanka kai tsaye: me ya rage min in hau mataki na gaba? Su wannan tambayar ba rashin kunya ba ce a wurinsu, jiranta ma suke yi.

Roƙona ga malamanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da makarantar Informatics ta Kazaure, da masu horarwa a 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani: kafin ku sallami yaro, ku sa shi ya tsaya gaban aji na minti biyar ya bayyana aikin da ya yi da sunansa, ya rubuta shi a shafi guda, sannan ku ba shi maki a kai kamar yadda kuke ba shi a jarrabawa.