Kwamfutar da ke ciwon safe

Kwamfutar da muke ajiye takardun kwastomomi a shagonmu na Kawo, mai Linux, ta tsiro da wani ciwo. Wasu ranakun in aka kunna ta da safe sai ta tsaya cak minti ɗaya da rabi, ta zubo jan rubutu, ta ƙi shiga. Kafin in sauka daga Keke Napep, Sani ɗan yayata ya riga ya kashe ta ya kunna, ta tashi garau kamar ba ita ba.

Na ce ya ɗauko min hoton rubutun. Ya ɗauko. Goshinsa da fankar sama kawai na gani a gilashin.

Sai na koma buga umarnin dmesg > boot.txt kullum, don in adana saƙonnin tashin kwamfutar a fayil. Wauta biyu na tafka a layi ɗaya: dmesg saƙonnin tashin yanzu kaɗai yake nunawa, alamar > kuma shafe na jiya take yi, >> ce ke ƙarawa a ƙasa. Sati guda ina tara shaidar cewa kwamfutata lafiyarta ƙalau.

Na gwada journalctl -b -1, umarnin da ke fito da rahoton tashin da ya gabata, wayam. Ashe babu foldar /var/log/journal, shi ya sa rahoton ke zuwa /run/log/journal, cikin RAM, da wuta ta ɗauke ya bi iska. Na buɗe /etc/systemd/journald.conf na sa Storage=persistent don rahoton ya zauna a faifai, na ƙara SystemMaxUse=200M don kada ya cinye min wuri, sannan systemctl restart systemd-journald.

Ranar Laraba ciwon ya motsa. Na buga journalctl -b -1 -p err, mai nuna kurakurai kaɗai, ga shi ɓaro-ɓaro: "Timed out waiting for device". Faifan ajiyarmu na waje take jira. Ni da hannuna na rubuta shi a /etc/fstab, jerin faifan da take haɗawa in ta tashi, ba tare da nofail ba, kalmar da ke ce mata ta wuce ko babu faifan, don haka in babu shi sai ta yi daƙiƙa 90 tana zuba ido, ta faɗa yanayin gaggawa.

To ina faifan ke zuwa? Na cire -p err na bi layukan USB. A ramin da faifan ke zama, sunan wata waya ne ya bayyana.

Na waiwaya. "Sani, wayar wa ke kwana a nan?"

"Kawu, wallahi ramin baya ya fi saurin caji."

Na ƙara nofail, na ba shi kuɗin caja. Washegari na tarar da cajar a soket ɗin firinta, firintar a kashe.