Kuɗin ƙananan hukumomi sun ƙaru, to wa zai kwashe bolar unguwarmu?

Ruwan da aka yi ranar nan bai fi na minti arba'in ba, amma sai da muka naɗe wando ni da maƙwabcina muka shiga kwata da shebur, don ruwa ya fara leƙa zauren gidansa. Abin da muka fiddo ledar fiya wata ne da robar lemo da famfas ɗin yara da wani warin silifa. Muka tara a bakin titi muna jiran mota. Kwana uku awaki da iska suka maida rabin cikin kwatar.

Wai ma aikin wa ne? Yana nan rubuce a kundin tsarin mulkin 1999, jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, kwashe shara na ciki tare da banɗakin jama'a da kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta. Amma a Kano in bola ta cinye titi kowa REMASAB yake kira, hukumar kwashe shara ta jiha ce kuma, ba wanda yake tunawa da ciyaman ɗin Dala ko Gwale ko Fagge ko Tarauni, su ma ciyamomin in ka tare su amsa ɗaya ce, kuɗinmu yana asusun haɗin gwiwa da gwamnatin jiha, sai abin da gwamna ya sammana.

To wannan uzurin ya fara tsufa. Ƙananan hukumomi 774 suna da kaso 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata ya haura sosai, sannan ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a tura musu kuɗinsu kai tsaye. Na san an yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, gwamnoni ba sa sakin nono da sauƙi. Shi ya sa ni ina tare da masu cewa a ware wani kaso da sunan shara zalla, wanda ba a taɓa shi don wani abu, ko daga tarayya ko daga jiha.

Sai dai don Allah kar a fara da sayen motoci. Na taɓa halartar ƙaddamar da motocin kwasar shara a wata ƙaramar hukuma, an kafa rumfa an yanka zare, maroƙa suna ta zuba kirari, bayan shekara da na koma sakatariyar kan wata takarda sai ga su a bayan ofis tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashi. Ba a sa kuɗin dizal a kasafi ba, ba kuɗin bakanike, direbobin ma an riƙe musu alawus. Sayen mota kwangila ce ta rana ɗaya mai romo, zuba mata mai kullum kuwa ba wanda yake samun hoto a jarida da shi.

Kuma mu faɗi gaskiya, masu sarrafa shara a garin nan tun da daɗewa 'yan jari bola ne. Yaron nan mai buhu a kafaɗa da sanda mai maganaɗisu, shi yake tsince ƙarfe da gwangwani da dalma da roba mai kauri ya kai wa mai sikeli a auna a biya shi, daga nan a loda tirela zuwa kamfani. Shi ya sa ba ka ganin gwangwani a kwata, yana da kuɗi. Eh akwai ɓata-gari cikinsu masu ɗauke murfin kwata da wayar wuta, har Abuja ta haramta musu yawo a farkon 2025, amma kora ba ta kwashe ko buhu ɗaya na shara. Kamata ya yi ƙaramar hukuma ta yi musu rajista ta hannun masu unguwanni, ta ba su kati da safar hannu da takalmi da fili ɗaya a kowace mazaɓa da za su riƙa tsinta, wannan bai kai kuɗin tifa ɗaya ba.

Matsalar ita ce leda, don kuɗinta bai taka kara ya karya ba, sai ka cika buhuna kafin ta yi kilo mai kirki. A Ingila tun 2025 kamfanonin da ke zuba kaya a roba da kwali su ke biyan kuɗin kwasarsu, a shekarar farko ma sama da fam biliyan 1 aka ware wa ƙananan hukumomi. A nan ma masu lemo da masu fiya wata za su iya sa ɗan wani abu kan kowace jaka, a riƙa sayen ledar da sikeli kamar yadda ake sayen ƙarfe. Ranar da kilon leda ya isa sayen kwanon abinci, almajiran layinmu kaɗai sun isa su yashe kwatar nan kafin damina ta kankama.